Albasa a Kwanon Silikon

Daren Laraba, Bagudo

Fuskar 'yar tsanar ta ƙi daskarewa. Tun hantsi na zuba silikon, ruwan robar da nake yin fuskar da shi, har yanzu yauƙi take kamar miyar kuɓewa. Ita ce tsohuwar da zan riƙa motsawa ina ɗaukar hoto bayan hoto, har ta yi tafiya a fim.

Na gaya wa kowa albasa na hana silikon kamawa. Ashe ƙanwata Hassi ta yanka albasa a kwanon kwaɓina.

"Yaya, ai na ɗauraye shi. Duk a kan 'yar roba?"

'Yar roba! Wata biyu na jira gwangwanin silikon ɗin nan daga Kwatano, saura na zubi ɗaya. Na kasa zama.

Gobe zan sake. Gidan nan ba mai cin albasa sai tsohuwata ta daskare.