Fayil ɗin da Kawu ya haddace

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni mai rubuta manhaja ce, ina aiki a ƙaramin ofishin da kawuna, yayan mahaifiyata, ya kafa da abokinsa. Shi ya koya min wannan sana'a tun ina leƙen allonsa ta bayan kujera.

Ki yi haƙuri, sai na ɗan shiga bayanin aiki. Muna da namu yaren kwamfuta, kuma akwai wani fayil guda da komai ke zaune a kansa. A cikinsa aka faɗi girman kowace irin lamba da yadda ake gane ta a kowane inji. Kawu ya rubuta shi, ba wanda ke taɓa shi. A ofis "ɗakin Kawu" ake ce masa, har tsokana ake yi cewa sai da sallama ake buɗe shi.

Duk abin da kwamfuta ta ajiye yana da adireshi. A manyan injuna adireshin takwas-takwas yake tafiya, don haka in aka rubuta shi da sifili da ɗaya irin na kwamfuta, gurabe uku na ƙarshe kullum sifili ne, fanko suke. Sai Kawu ya yi dabara, ya riƙa sa alama a wurin: wannan lamba ce, wannan rubutu ne, wannan jeri ne. Dabara ce mai kyau, wallahi har yau tana burge ni. To yanzu mun karɓi aikin wasu ƙananan na'urori da ma'aikatan jinya za su riƙa dubawa don ganin maganin kowane majinyaci. Su kuma huɗu-huɗu suke tafiya, gurabe biyu ne kawai fanko, na ukun na adireshin ne. Alamar Kawu tana cinye shi, sai adireshin ya nuna wani wuri daban. Da na gwada, da idona na ga sunan mutum ɗaya da maganin wani a ƙarƙashinsa.

Gyaran bai fi ƙarfina ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne Kawu ba ya gani, Anti, kuma yana ɓoyewa. Kullum sai ya ce ya manta tabarau a gida, in karanta masa. Shayi ma gefen kofi yake zubawa, ya goge da hannun riga a ɓoye. Amma in ya buɗe fayil ɗin nan, fuskarsa na kallon taga, yatsunsa na gudu, ba kuskure ko ɗaya. Ya haddace shi layi bayan layi. Shi kaɗai ya rage masa a duk aikin. In na sake masa tsari, na gama da shi. In na yi magana a taro, abokin nasa da ma so yake ya zaunar da shi a gida. In na yi shiru, ƙarshen wata na'urorin za su fita. Mahaifiyata ba ta san komai ba, ina ganinta sai in ji kamar na ci amanarta. Har na yi tunanin in gyara a ɓoye. Ya zan yi?

'Yar ƙanwarsa

'Yata, na ji damuwarki, kuma na ji yadda kike son kawunki. Amma bari in fara da abin da ba ya cikin zaɓi: na'urar da ke haɗa sunan wani da maganin wani ba za ta fita ba, ko ran wa zai ɓaci. Ki cire shiru daga lissafinki.

Gyara a ɓoye ma ki bar shi. Wanda ba ya gani, in aka matsar masa da kujera ba a faɗa masa ba, faɗuwa zai yi a cikin ɗakinsa. Ranar da yatsunsa suka je inda suka saba suka tarar an sauya, zai gane ba idonsa kaɗai ya rasa ba, har da ke.

Ki same shi a gida, ku biyu, ki tafi da ƙaramar na'urar. Ki karanta masa abin da kika gani, kada ki yi masa wa'azi. Mutumin da ya ƙirƙiro wannan dabara zai gane matsalar kafin ki rufe baki, kuma dabararsa ba ta yi laifi ba, inji ne ya sauya. Ki ce ya faɗa, ke ki rubuta. Ku bar layukan a inda suke gwargwadon iko, duk wanda kuka sauya ki maimaita masa har ya zauna a kansa. In ya ƙi, ki gaya masa a fuskarsa, cikin ladabi, cewa za ki sanar da ofis kafin kayan su fita.

Batun idon kuwa ya fi ƙarfinki ke kaɗai. Ki faɗa masa kin sani, ki nemi izininsa ku sa mahaifiyarki a ciki, a ga likita. Kin fi ni sanin akwai manhajar da ke karanta allo da murya. Ina kyautata zaton ya gaji da ɓoyon nan fiye da yadda kike tsammani.

Kun ce sai da sallama ake shiga ɗakin Kawu. To ki yi sallama ki shiga, yana ciki shi kaɗai. Allah ya ba shi lafiya, ya yi miki albarka.