Mota Ba Ta Son Zama

Makera, Kaduna
10 ga Yuni, 1985

Maigidana Baban Eunice,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki, yaya ƙafar? Ina fata zafin ya ragu, kuma abincin asibitin Kano bai mantar da kai miyar karkashina ba. Ka gaishe mini da ƙanwarka Naomi, Allah ya saka mata da wannan jinya. Mu lafiya lau. Abokan aikinka na masaƙa sun zo gaisuwa, har yanzu suna jimamin faɗowar da ka yi daga kan tsani.

To, ga labarin 'yar lelenka, Fijo 504. Ranar da za a tafi da kai ba ka ce in kula da kaina ba, amanar mota ka bar mini, na kuwa riƙe. Kowace safiya ina ɗaga bonet, in zaro sandar mai in goge, in mayar in sake dubawa. In leƙa ruwan lagireto tun inji yana sanyi. Sannan in ja cok in tayar da ita, ta ɗan yi gurnani, in kashe. Ko ran Lahadi ba na fashi.

Ran Talata sai ta ƙi tashi. Na kira Baba Ishaku makanike, dattijon cocinmu. Ya tarar batir ya mutu, fulogi sun yi baƙi ƙirin, birkin hannu ya cije, tayoyi sun fara lotsawa ta gefen da suke zaune. Na ce masa ai kullum ina ɗumama ta. Ya yi dariya ya ce abin da ya kwantar da ita ke nan, domin tayarwa tana cin wutar batir, kuma wutar ba ta dawowa sai an hau titi. Ashe da ladabi da biyayya nake kashe ta. Raina ya ɓaci sosai, har na yi kuka a bayan ɗaki.

Ya kai batir caji, ya wanke fulogi, ya yi mata juyen man inji. Yayanka Benson da ya ji labari ya zo ya ce a ba shi ita ya riƙa jigila daga Kakuri zuwa cikin gari, wai don kada ta lalace. Na ce sai na ji daga bakinka.

Eunice tana gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙi.

Matarka,
Dorcas

Makera, Kaduna
21 ga Yuli, 1985

Baban Eunice,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tambayar jikinka. Mu muna nan lafiya, sai ruwan sama ba dare ba rana.

Na ga wasiƙarka, ban kuma ji daɗinta ba. Ka ce likita ya gaya maka gwiwar hagu ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, ba ka da sauran taka kuloci, don haka in miƙa wa Yaya Benson makulli, kai ka gama da mota. Sannan Naomi ta rubuto mini cewa an kawo maka sandunan tafiya ka ce a jingine su, ka juya fuska bango, ko baranda ba ka fita.

Ba zan ba da makullin ba. Ka yafe mini, tun da muka yi aure ban taɓa ƙin maganarka ba sai yau. Kai ma ka san Yaya Benson: mutumin da ke ɗura wa lagireto ruwan kwata, ya zuba wa inji duk man da ya tarar a bakin titi. Amma ba wannan ne ainihin dalilina ba. Tsoro nake ji. Na san ka, ranar da motar nan ta bar gidan nan, kai ma ka samu hujjar kwanciya gaba ɗaya. Ni kuma mijina nake so ya dawo, ba mutumin da zan riƙa juyawa a kan gado ba.

Tunda mota tafiya take so, na roƙi Baba Ishaku ya koya mini tuƙi. Muna zuwa filin makarantar firamare a unguwar Nasarawa bayan an tashi. Ran farko na saki kuloci da ƙarfi, ta yi tsalle kamar akuya ta mutu, na maimaita har tsohon ya fara waƙar coci a hankali. Giyar nan ta jikin sitiyari ma ta ba ni wahala, ina neman ta biyu in faɗa ta huɗu. Matan Makera kuwa sun samu abin kallo, in na fito sai su kwashe yaransu da kajinsu. Amma ka ji muryar injin yanzu, ta washe, baƙin hayaƙin salansa ya ɗauke.

Don Allah ka ɗauki sandunan nan. In ni da ban iya ko keke ba na jure dariyar unguwa, kai ma ka jure ciwon gwiwa.

Taka har kullum,
Dorcas

Makera, Kaduna
6 ga Oktoba, 1985

Maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Naomi?

Wasiƙarka ta iso, faɗa daga sama har ƙasa: wa ya ce in taɓa sitiyari, kada in ɗora ƙafa a kan kuloci ina tafiya, in sa mai faci ya auna iskar taya tun da safe kafin su yi zafi, ruwan batir kada ya wuce layi. Na karanta ina dariya, hawaye na zuba. Rabona da in ji wannan muryar tun kafin ka faɗi. Naomi ta ce ranar da ka rubuta ta, da kanka ka nemi sanduna, yanzu kana kaiwa ƙarshen baranda, sai dai daga nan ka ce ka gaji.

Na samu lasin. Na ƙetare gada, na zaga shataletale ba wanda ya zage ni sai direban tasi ɗaya, shi ma na rama. Ran Asabar na kai Zariya na dawo.

Tunda an ce za a sallame ka ran Juma'a, kada a nemi motar haya. Ni zan zo da Eunice. An yi juye, an duba birki, na sa fanbel na ajiya da jarkar ruwa a but, tayar safaya tana da iska. Na tura kujerar gaba baya yadda ƙafarka za ta miƙe. Daga nan ka yi ta gyara mini tuƙi har Kaduna, na yarda.

Abu ɗaya ne ya rage. Har yanzu ribas ba ta zauna mini ba, kuma Naomi ta ce harabar asibitin matsattsiya ce, in na shiga ban san yadda zan fito ba. Don haka a bakin babbar ƙofa zan tsaya, inji yana aiki. Kada ka yarda a turo ka a keken marasa lafiya, Sylvanus mijina. Daga baranda zuwa ƙofa naka ne, sauran hanyar ka bar mini.

Sai mun haɗu cikin yardar Ubangiji.

Matarka mai ƙaunarka,
Dorcas