Miras da Gurbi na Goma Sha Biyu

Litinin, 5 ga Agusta

Sun kira Miras! Ƙungiyar ƙwallon kwando ta manya da ke birnin Shimkent. Samari goma sha shida suka gayyata, za a yi wata guda ana gwada su, a riƙe goma sha biyu. Ni Orazbek, da na bar aji uku na bi tumaki, ban sake zama a benci ba sai ina da shekara arba'in a makarantar yamma, ɗana ne za a riƙa nunawa a talabijin.

Ɗana na ce, kuma ɗana ne. Ɗana Kuwanish ne ya haife shi, amma a al'adarmu ɗan fari na kakanni ne, haka aka yi da ni, haka aka yi da mahaifina. Yana wata goma tsohuwa, matata, ta karɓo shi ta sa a ƙirjinta. Sunana ne a takardarsa. Ni yake kira Baba, Kuwanish kuwa Yaya, shekara ashirin kenan.

Tun yana ɗan shida nake koya masa kokawa a bayan garke. Rago huɗu da ɗan doki ya ciyo min a bukukuwa. Ƙwallon kuwa, Kuwanish ne ya zo hutu wata shekara daga makarantar da yake koyar da wasanni, ya kafa wani zoben ƙarfe a jikin rumfar ciyawa. Na ɗauka abin zai wuce kamar ƙyanda.

Gobe zan yanka rago.

Talata, 6 ga Agusta

An ci, an sha, an yi addu'a. Komai ya tafi daidai in ban da bakin Tolegen, maƙwabcina. Ana tsakiyar cin nama ya ce, “Orazbek, kai da jaki ke leƙa tsakiyar kanka, ina yaron nan ya samo tsawo?” Aka kwashe da dariya, duk aka juya ana kallon Kuwanish. Na ce, “Daga nonon goɗiyata, wadda taka ba ta kai ƙafarta ba.” An yi dariya, amma ba kamar ta farko ba.

A gidan Kuwanish Miras zai zauna, wai ya fi kusa da zauren wasan. Na ce ai ƙungiyar na da masauki. Tsohuwa ta ce, “Gidan yayansa ne, tsoho, ba gidan yari ba.”

Da za su shiga mota Kuwanish ya gyara masa wuyan riga. Rigar ba abin da ta yi.

Juma'a, 9 ga Agusta

Bai kira ba. Na ciro zoben nan daga jikin rumfa, dama ya yi tsatsa.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ya kira. Murya kamar wanda aka yi sussuka a kansa. Gudu da safe, gudu da yamma. Ya ce akwai wani ɗan birnin Almati da ke jefa ƙwallo daga nesa ba ya kuskure, da alama su biyu ne ke neman gurbi ɗaya, na ƙarshe.

Na ƙirga. Sau bakwai ya ce “Yaya ya ce”. Yaya ya ce in sassauta gwiwa. Yaya ya ce in daina kama mutane a ƙugu, nan ba filin biki ba ne. Yaya ya ce kilo biyar zan rage. Na ce me yake ba ka? Ya ce ƙirjin kaza da ganye. Ganye! Yaron da na tasa da kitsen wutsiyar rago.

Na ce, “In ka rame iska ta ɗauke ka, shi Yayan naka zai kamo ka?” Ya yi dariya ya ce, “Baba kenan.” Ina jin muryar Kuwanish a bayansa yana cewa lokacin barcin rana ya yi. Ya ajiye waya. Har barcin ma sai an ba shi izini.

Duk da haka na bi gari na gaya wa kowa ɗana na neman gurbi a ƙungiyar manya. Har mai gidan waya na tsayar.

Laraba, 14 ga Agusta

Na ba direban motar Shimkent ƙunshi: naman doki, kitse, busasshen cuku. Na ce hannun Miras, ba hannun kowa ba. Tsohuwa tana kallona daga bakin murhu.

“Yaron kake ciyarwa ko Kuwanish kake jifa?”

Na ce ta kula da shayinta, yana zuba.

Asabar, 17 ga Agusta

Tolegen zai aurar da jikarsa Asabar mai zuwa, kuma raƙumi ya sa a kokawa. Raƙumi fa! Rabon da a sa raƙumi a garin nan tun kafin a kwantar da kwalta. Ya same ni a bakin masallaci ya ce, “Naka dai ya koma wasan gajeren wando, sai mu nemo maza daga Taraz.” Na ce masa ya ɗaure raƙumin kusa da ƙofata, don kada a sha wahalar ja.

Na faɗa a gaban mutum tara.

Talata, 20 ga Agusta

Asabar ba su da atisaye, na bincika. Na kira shi lokacin da na san Kuwanish yana makaranta. Ya ce, “Baba, koci ya hana. Ya ce wanda ya ji ciwo a waje ya ji wa kansa.” Na ce yaushe ka taɓa jin ciwo a kokawa? Ya ce, “Yaya ba zai so ba.”

Da bai faɗi wannan ba, wataƙila da na ƙyale shi.

Na ce, “Ubanka ne ke kiranka. In kana da wani uban da ya fi ni, sai ka tambaye shi.” Ban taɓa yi masa irin wannan magana ba. Ya ce, “Zan zo, Baba.”

Na ji daɗi. Na rubuta don gaskiya ce.

Asabar, 24 ga Agusta

Ya ci raƙumi! Mutum huɗu ya kayar, na ƙarshen wani ƙaton Taraz mai wuya kamar na sa. Ya ɗaga shi a ƙugu irin yadda na koya masa, ya shimfiɗa shi, ƙasa ta amsa. Mai shela ya yi ta kiran “Miras ɗan Orazbek!” har sau uku. Tolegen ya miƙo min igiya fuskarsa kamar ya sha tsami. Ni na ja raƙumin da kaina muka ratsa gari.

A gida na ga yana ɗaukar kofin shayi da hagu. Babban yatsansa na dama ya kumbura ya yi kamar dankali. Ya ce ya maƙale ne a ɗamarar mutumin. Tsohuwa ta ɗaure masa da kitse da gishiri, ta koma bakin murhunta. Da ma ta yi faɗa.

Lahadi, 25 ga Agusta

Kuwanish ya zo ɗaukarsa da hantsi. Ya gaishe ni da hannu biyu kamar kullum, ya duba yatsan, ya ce wa Miras ya jira a mota. Sannan ya zauna can bakin ƙofa inda ya saba zama.

Na ce in faɗa ya zo yi, ya fara. Ya ce, “Ni na isa, Baba?” Ya daɗe yana juya hularsa. Abin da na riƙe cikin maganarsa: “Shekara ashirin ban taɓa ce masa ɗana ba, ko a ɗaki mu biyu. Ranar da ya fara tafiya, ina nan bakin ƙofar nan, wajenka ya nufa, na yi tafi tare da kowa. Ban ƙi ba. Abu ɗaya tak na ba shi a duniya, ƙwallon nan. Shi ma sai ka karɓe?”

Na ce ai raƙumi ya ci, ba sata ya yi ba. Ya ce, “Allah ya sa albarka a raƙumin.” Ya tashi.

Na so ya ɗaga murya. Da ya ɗaga, da na san abin da zan ce.

Laraba, 28 ga Agusta

Ba karaya ba ce, targaɗe ne. Daga bakin tsohuwa na ji, ita suke kira yanzu. An sallami biyu, saura goma sha huɗu. Miras na ciki, amma da yatsa a naɗe, ƙwallo ba ta shiga. Kocin ya tambaye shi yadda aka yi, ya faɗi gaskiya, sai dai bai ambaci sunana ba. Kocin ya ce in yana son raƙuma ya tafi kasuwar dabbobi.

Raƙumin ya cinye shingen tsohuwa. Ta ce, “Ga ɗanka can ya fara kan tumatir.”

Juma'a, 30 ga Agusta

Tolegen ya ce, “Yaya hannun jarumi?” Na wuce abina. In aka sallami Miras, garin nan kowa ya san dalili. Shi ma ya sani, kuma ba zai taɓa faɗa min ba, abin da ya fi ci min rai kenan.

Na nemi zoben nan a cikin tarkace. Ban mayar ba, na dai goge shi.

Laraba, 4 ga Satumba

Jiya na je Shimkent, ban gaya wa kowa ba. Wasan gwaji na ƙarshe, tsakaninsu, an bar iyalai su shiga. Na sa kwat ɗina na biki. Zauren sai ƙarar takalma kamar ɓeraye. Kujeru birjik babu kowa, amma da Kuwanish ya hango ni ya taso ya kama hannuna ya kai ni kusa da shi, ba yadda zan yi.

Ban gane komai ba. Ana busa usur, ana tsayawa, ana ɗaga hannu. Na daure rubu'in sa'a, sannan na ce, ba tare da na dube shi ba, “Me yaron ya yi aka busa?” Ya matso da bakinsa kunnena ya yi bayani. Daga nan sai tambaya ta ƙi ƙarewa. Ni da na koya masa ɗaure igiyar wando.

Ɗan Almatin ya jefa biyar daga nesa, huɗu suka shiga. Har ni sai da na ce kai. Miras ya jefa uku, ba ko ɗaya. Ta ukun ko zoben ba ta taɓa ba. Na kalli takalmana.

Amma a ƙarƙashin kwando wani abu ne daban. Duk ƙwallon da ta faɗo, ana rububi, shi ke fitowa da ita. Akwai wani dogo da ya fi shi da taƙi guda, ya yi ta ture shi da ƙirji, Miras ya kafa ƙafafu ya sauke ƙugu, ko gezau. Na san wannan tsayuwar. Goma sha ɗaya ya ƙwato, Kuwanish ke ƙirgawa a yatsu. Ya ce, “Wannan ba ni na koya masa ba, Baba. Na yi shekara biyar ina ƙoƙarin raba shi da ita.”

Na ce, “Da ka raba shi, da yau me zai ci?” Ya yi dariya. Sai a lokacin na dube shi da kyau. Furfura ta fito masa a gefen kunne. Ban san yaushe ba.

Miras ya zo bayan an tashi, jiɓi na zuba, ya rungume ni. Ya kalli Kuwanish ta saman kaina. Na gani. Tunda ya fi ni tsawo, dole ta saman kaina zai kalli kowa.

Juma'a za a faɗi sunaye. Kuwanish ya ce zai nemi a riƙe masa aji ya je ya tsaya a waje, don ba a barin kowa shiga ranar.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na zuba gishiri a shayi sau biyu.

Juma'a, 6 ga Satumba

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna waya ta yi ƙara. Ina tsakar gida, na kusa faɗawa kan bokiti.

“Baba, sun ɗauke ni! Na goma sha biyu!” Yana haki. Ya ce kocin ya ce masu jifa yana da su har sun yi yawa, wanda ba a iya turewa ne ba shi da shi. Ya ce kuma in ya sake jin kalmar biki, zai mayar da shi ƙauye a bayan raƙumin. Na zauna a ƙasa. Ban san na zauna ba sai da tsohuwa ta fito da ludayi tana tambayar wa ya mutu.

Na ce, “Kana ina yanzu?” Ya ce yana ɗakin canza kaya, ko takalmi bai cire ba. Na ce Kuwanish ya ji? Ya ce, “A'a, kai na fara kira.”

Ni ya fara kira.

Na ce, “Kashe wayar nan ka fita. Mutum na tsaye a rana tun safe, kai kana nan kana surutu da tsoho.” Ya ce, “Baba, ban gama ba ka labari…” Na ce, “Labarin ba zai ruɓe ba. Fita, ka gaya masa da bakinka, ba ta waya ba. Kuma kada ka yi sauri dawowa gida gobe, ku kwana biyu, ba abin da ake yi a nan.”

Na kashe da kaina.

Tsohuwa ta tsaya tana kallona har na tsargu. Na ce mata kunnena ne ke ciwo in na daɗe da waya, ta san da haka. Ta ce, “Wanne daga ciki?” Na nuna na dama. Ta ce a hagu na riƙe.

Lahadi za su zo su biyu. Na ce ta shimfiɗa wa Kuwanish a can ƙuryar ɗaki, wurin zaman manya, kusa da ni, bakin ƙofar nan iska na shigowa.