Kasuwar Da Na Ce Na Taɓa Shiga

Assalamu alaikum Malam Almu. Don Allah ka agaza mini da shawara kafin ƙarshen watan nan, bakina ne ya ja mini.

Ni tsohon malamin firamare ne a nan Katsina. Shekara shida ke nan da na yi ritaya, kuma alhamdulillahi ba ni da kukan komai, yara sun kama gabansu, gida lafiya lau. Kullum bayan La'asar nakan taka zuwa Babbar Kasuwa, rumfar aminina Alhaji Babaji mai yadi, in karanta wa 'yan majalisarmu jaridar Turanci ina fassarawa. Mu bakwai ne. Kowannensu yana da rediyonsa, amma ba a fara hira sai na iso, har buzuna daban yake.

Tun da soja suka koma bariki bara, jarida ba ta da zance sai na sayar da kamfanonin gwamnati, da wani wuri a Ikko wai shi Stock Exchange. In na zo kan sunan nan sai in gyara tabarau, in faɗe shi da Turancinsa, in ja shi, in wuce. Daɗinsa nake ji a baki, ba zan ɓoye maka ba. Rannan sai Mati mai hula, wanda magana ba ta wuce shi, ya tsare ni sai na faɗi mene ne shi da Hausa. Malam, ban sani ba. Shekara talatin ina koyar da Turanci ban taɓa cin karo da shi a littafin aji shida ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ji bakina yana cewa kasuwa ce irin tamu, har ma na taɓa shiga lokacin da aka tura mu kwas Ikko. Da na ga sun gyara zama sai na ƙara mata rumfuna, layin masu siminti daban, na masu fulawa daban, har da sarkin kasuwa mai kwat.

To, Alhaji Babaji ya ɗauka. Yana son ya sa kuɗinsa a kamfanin siminti, kuma shi mutum ne da bai taɓa sayen ko ƙyalle ba sai ya taɓa, ya ɗaga shi a rana, ya taya, an sallama masa hannu da hannu. Ya ce ƙarshen watan nan sai mun je Ikko ya gani da idonsa. Idon nasa kuwa ya yi rauni, ya ce ba wanda zai riƙe masa hannu a Ikko sai ni. Har ya yanko shadda daga rumfarsa an ɗinka mini riga ta tafiya. Tana nan rataye, in na dube ta kunya nake ji. Tun muna makarantar allo muke tare. Ina tsoron in na faɗi gaskiya ya daina yarda da duk abin da na taɓa karanta masa.

Naka,
Tsohon Malami, Ƙofar Guga

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Ka sa ni dariya da sarkin kasuwarka mai kwat, amma na ji damuwarka.

Mu fara da sunan. Abin da Turancin yake nufi shi ne wurin musayar hannun jari, Hausar da aka saba da ita kuwa ita ce kasuwar hannayen jari. Ba rumfa, ba buhun siminti, ba a shiga a taya. Dillalai masu lasisi ne suke saye da sayarwa a madadin mutane, mai saye kuma takardar shaida ake ba shi. Tana da reshe a Kano, ba sai an je Ikko ba. Daga yau ka riƙa faɗar sunan da Hausa, wanda yake fassara wa jama'a bai gama aikinsa ba in ya bar kalma mafi nauyi da Turanci.

Rashin sani ba laifinka ba ne, ba a koyar da wannan a firamare. Laifinka rumfunan da ka gina. Shi kuma Alhaji yana da gaskiyarsa, ɗan kasuwar da yake son ganin abin da zai saya ba wauta yake yi ba, kuma bai dace ka ja mai raunin ido har bakin teku neman layin da babu shi ba.

Gobe da hantsi ka same shi a gida, ku biyu kawai, ka faɗa masa ba kwana-kwana. Da La'asar ka maimaita a majalisa da bakinka, ka bar Mati ya yi dariyarsa ya gama. Sannan ka sa rigar nan ka raka Alhaji Kano, ya zauna da dillali, ya yi tambayoyinsa, ya auna shi kamar yadda yake auna yadi.

Ka ce kowannensu yana da rediyo. Ke nan duk labarin da kake karantawa da La'asar sun riga sun ji shi da Hausa tun da safe, amma duk da haka suke shimfiɗa maka buzu suna jira. Malam, ba Turancinka suke jira ba, kai suke jira.

Allah ya bar zumunci, ya kai ku Kano lafiya.

Malam Almu