Wasiƙun da Babu Sunan Lailatu

Sakunde, ƙasar Gana,
12 ga Afrilu, 1999.

Zuwa ga Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya zafin bazara? Ina gaida Gwaggo Mairo da duk mutanen Ƙofar Marusa. Ya akuyarki Kyalla, ta haihu kuwa?

Yaya, muna tafe. Na san kin sha jin haka daga bakina, amma wannan karon har tukwanen waina na rabar. Rediyo ta ce sojoji za su miƙa mulki ƙarshen watan gobe, kin kuwa san rantsuwar maigidana Malam: sojoji suka rufe mashi iyaka yana waje, ba zai koma da zama ba sai sun sauka. Ga kuma walimar saukar karatu da kika ce za a yi a gidanki, dangi duk za su hallara.

Wata uku muka ce maki ranar da na kawo maki yaye, yau shekara goma sha biyar. Daga Kwatano muka yi Lome, muka yi Keta, muka yi Ankara, duk inda masunta suka sa gaba muna biye, shi yana gyara masu injin kwalekwale, ni ina suyar waina a zango. Abin dariya, har yau Malam bai taɓa sa ƙafa a teku ba. Sai a turo mashi injin kan tudu, ya gyara yana harare-hararen ruwa.

Nan akwai kwakwa, akwai kifi har ya gundure ni. Amma da rana ta take sai in ji ina son furar Babbar Kasuwa, in tuna yadda muke hango hasumiyar Gobarau in an aike mu, mu san mun kusa gida. 'Ya'yana Binta da Fadila, 'yan teku, suna gaishe ki da Hausarsu mai gishiri.

Ina gaida yaran gida.

Ƙanwarki,
Safara'u.

Kwatano,
20 ga Mayu, 1999.

Yaya Kubura,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Amsarki ta same mu ana ɗaure kaya. Yanzu mun iso nan, Malam yana sallama da tsofaffin abokansa, ni kuwa na kasa cin abinci.

Yaya, me ya sa ba ki taɓa gaya mani yarinyar da na kawo maki yaye ita ke karanta maki wasiƙuna ba? Ni duk zatona malamin maƙwabta kike kai wa. A ƙasan amsarki ta ƙara layi uku nata na kanta. Ta ce tun tana aji huɗu take karanta su da bakinta, ta ji an gaida rijiya, an gaida akuya da sunanta, an ambaci Binta da Fadila, ita kuwa kullum tana cikin yaran gida. Ta ce kada in wahalar da kaina da doguwar tafiya saboda walimarta, tana da uwa.

Ke kin san dalili. Ɗiyar fari ce. Haka Inna ta yi maki, har ta koma ga Allah ba ta kira sunanki ba, amma Inna tana nan, kina ganin ta tana zuba maki tuwo ta ɗora maki nama a ɓoye. Ni na ɗauki kunyar na tafi da ita bakin teku, na bar yarinya da takarda kawai. Da muka zo rasuwar Inna ma, kwana bakwai na yi ina kauda kai in ta gifta, ina jin daɗi su Gwaggo suna yaba mani kawaici. Ashe ita tana kallon matar da ba ta son ganin ta.

Ina tsoro, Yaya. Kada in zo ta gaishe ni a tsugune, da ladabi, kamar baƙuwa, mu rabu a haka.

Wannan kam ki kai wa malamin maƙwabta.

Taki,
Safara'u.

Ƙofar Marusa, Katsina,
7 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga Lailatu,

Assalamu alaiki. Ina kwana, ya gajiyar jiya? Allah ya sa albarka a karatunki, ya amfane ki da shi.

Kina tsakar gida kina wanke kwanonin walima, ina ɗaki ina rubuta maki, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ki yi mani dariya in kin so. Jiya da kika zauna gaban jama'a kina karatu, dangi sun cika gida har da na Daura, babanki yana share hawaye da hula, na buɗe baki zan kira ki. Sai na ga idon Gwaggo Mairo, na ce wai a miƙo mani buta.

Akwai abin da nake so ki sani. Rigunan Sallah da suke zuwa kowace shekara a ce na yaran gida ne, ba ki taɓa tambayar yadda suke yi maki daidai ba? Duk garin da muka sauka, kafin in nemi kasuwa sai na nemi yarinya sa'arki. A Lome akwai ɗiyar mai burodi, a Keta ɗiyar wani masunci mai wushirya irin taki, a Sakunde wata 'yar makaranta da ta ɗauka ina da taɓin hankali. Ita nake kai wa tela ya gwada. Da tsawonsu na riƙa ganin girmanki. Shekarar da rigar ta yi maki gajarta, kin riga ɗiyar masuncin tsawo ne, na yi kwana uku ina alfahari ba wanda ya san dalili.

Gaskiya kika faɗa, kina da uwa. Yaya Kubura ce ta yi jinyar ƙyandarki, ba ni ba, kuma ban zo karɓe mata wuri ba. Kunya dai na yi maki irin wadda na gada, ban lura daga nesa ba ta da bambanci da mantuwa ba. Laifina ne, ki yafe mani.

Lailatu. Ga shi na rubuta. Gobe da hantsi, lokacin da su Gwaggo suke shan fura a gindin darbejiya, zan kira ki da baki, su ji. Za su ce teku ta wanke mani kunya, su faɗa. Ko ba ki amsa ba, jibi zan sake.

Wannan wasiƙar ba sai kin karanta wa kowa ba. Taki ce.

Mahaifiyarki,
Safara'u.