Muryar Iro a Cikin Wasan Ƙwallo

Tamaske, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Kamilu a Abijan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka Lalla, Allah ya sa aikin gyaran wayoyi yana tafiya. Mu nan alhamdu lillahi, an yi girbi, gero bai yi yawa ba amma zai kai mu. Inna ce dai har yau ba ta koma daidai ba tun da labarin rasuwar ɗan'uwanmu Iro ya zo daga hanyar Libiya, wata huɗu ke nan. Ba gawa, ba kaya, ko wayarsa ba a samu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ɓarna ce na yi, kuma ba zan iya faɗa maka ta waya ba. Ka tuna wasan ƙwallon da ka gyara mana a kwamfutar shago kafin ka tafi, wanda ka kwance fayilolinsa ka sa samarin unguwa a madadin Turawa? Ka sa fuskar Iro da lamba tara, kuma ka ɗauki muryarsa ka saka a ciki, duk lokacin da aka ci sai a ji yana ihu yana cewa ta shiga, yana wannan dariyar tasa. Ni na saba da ita har na daina ji. Ranar kasuwa Inna ta biyo ta ƙofar shago daidai an ci ƙwallo. Tasar da ke kanta ta faɗi, ta tsaya tana waige-waige tana kiran sunansa. Kamilu, ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Da yamma ta aiko ƙanwarmu Hamsatu ta ce mini in fitar mata da ɗanta daga cikin abin nan. Ni kuma, da karambanin akuya gai da kura, na ce ai na sha ganin kana yi. Na buɗe ɗan shirin da ka bari, na kwance babban fayil ɗin, ƙananan fayiloli suka zubo sun fi dubu, babu suna sai lambobi. Kwana biyu ina sauraren su ɗaya bayan ɗaya har na same shi. Na goge, na sake ɗaure fayil ɗin, na ɗora a kan na asali. Ka sha gaya mini a ware kwafi kafin a taɓa komai, kamar yadda ake ware iri kafin a kai dami ga turmi. Ban ware ba.

Washegari sai ga Inna da kanta, riƙe da 'yar wayarta a ƙulle a gefen zane. Ta ce tunda na fitar da shi, in zuba mata shi a nan, ta riƙa ji ita kaɗai, ba a bakin titi ana shewa a kansa ba. Ashe abin da take nufi ke nan. Na ɗauki kwamfutar na kai ta garin Madawa wurin Yaƙubu mai gyara, ya yini a kanta, ya ce na rubuta sabo a kan tsoho, babu abin da zai dawo. Da na sani ƙeya ce.

Don Allah, kafin ka sayar da tsohuwar kwamfutarka kamar yadda ka ce za ka yi, ka bincika ta, da duk wani katin waya da ka tafi da shi. Daƙiƙa shida ce kawai, amma ita ce abin da ya rage mana na muryarsa. Idan babu, ka gaya mini ni kaɗai.

Ka gaishe da Lalla da kawu Jima da duk 'yan Tamaske da ke wurinku. Hamsatu tana gaishe ku. Inna ma tana gaishe ka, ta ce Allah ya yi maka albarka da ka yi dabarar ajiye mata shi. Ban gaya mata ba. Wayar tana wurina, kullum da safe tana zuwa ta tambaya ko ya gama shiga.

Naka, yayanka,
Halidu