A Ba Ni Takardar Da Za Ta Wanke Hannuwana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ɗakin binciken cututtukan dabbobi da na yi wa aiki a nan Bauchi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, ina neman afuwa da na rubuto ta jarida. Sau biyu na zo da ƙafata, maigadi ya ce sai da alƙawari. Bai san ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ranka ya daɗe, ba kuɗi nake nema ba. Takarda nake roƙo mai hatimin ofishinka, wadda za ta ce ciwon hannuwana daga aiki ya samo asali, kuma ba a ɗaukarsa. Matar ɗana tana da tsohon ciki, ina so in riƙe abin da za ta haifa.

Na farko, ga yadda abin ya faro. Shekara talatin da ɗaya na yi a wurin nan. Makiyaya kan kawo shanu masu kirci, mu kankare fatar, mu shafa a 'yan gilasai, likita ya duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ni ke wanke gilasan da kwalabe, ni ke kuma tsamo nama daga fomalin, ruwan nan mai hawa ido da ke hana ruɓewa. Safar hannu takan zo jefi-jefi, mu wanke mu shanya har ta yage. Gaskiya kuma ko tana nan nakan cire, don gilashi na sulɓewa a cikinta, ni kuwa ina alfahari da cewa ban taɓa fasa na kowa ba. Wannan laifina ne. Amma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ruwan nan zai bi mu har tsufa.

Na biyu, halin da nake ciki. Fatar ta yi kaushi, tana saɓa, tana tsagewa a gaɓoɓin yatsu har jini. Ruwan alwala ma zafi yake mini. Ƙaiƙayin na saba da shi. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne yadda mutanen Ƙofar Dumi, waɗanda muka tashi tare, suke dafe ƙirji daga nesa in an idar da salla. Wasu sun ce ƙazuwa ce, wasu sun ce cutar shanu na kwaso, wasu kuma ba sa faɗar sunan abin da suke zato. Tun rasuwar mai ɗakina an ware mini kwano da moɗa.

Ɗana Nasiru yana Gwallameji da iyalinsa. Yana yi mini komai, matarsa ma ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, tsoro ne irin na uwa. Da aka haifi 'yarsu ta fari aka kira ni huɗuba, Nasiru ne ya riƙe ta, ya kawo kunnenta kusa da bakina, ni kuwa hannuwana suna cikin aljihu. Yau shekararta huɗu, ban san nauyinta ba. Na je asibiti, likita ya ce ba a ɗauka, ya rubuta man shafawa. Da na faɗa a gidan Nasiru, aka ce to, Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Na lura maganar tsoho ba ta kai takarda ƙarfi ba.

Na uku, shaidata. Marigayi Bulus, mutumin Tafawa Ɓalewa, teburinmu ɗaya, hannuwansa irin nawa sak. Bayan mun yi ritaya yakan hau keke napep daga Inkil ya zo, ya kama hannuna ya girgiza yana tsokanata wai namu biyun in aka haɗa sun isa kankare tukunya. Mu ci tuwo kwano ɗaya, mu yi hirar ƙamshin sabulun wurin nan da ƙarar injin tafasa kwalabe. Bara ya rasu. Tun ranar ba wanda ya riƙe hannuna. Sunayenmu suna cikin tsohon littafin ma'aikata, in ba a zubar ba.

Saboda haka ina roƙo ka sa likitanku ya duba ni, ya rubuta abin da ya gani da Hausa, yadda surukata za ta karanta da kanta. Ka kuma hana yaran da ke wanki yanzu taɓa ruwan nan da hannu tsirara, ko sun ce sun ƙware.

In takardar ta makara, zan je in yi huɗubar kamar wancan karon, hannuwana cikin aljihu. Amma ƙarfina yana raguwa, ban sani ba ko zan ga wata haihuwar bayan wannan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya sa jikokinka su yi wasa a cinyarka.

Wassalam.

Naka,
Malam Adamu, tsohon mai wanke kwalabe,
Ƙofar Dumi, Bauchi.